Babi na Bakwai: Shaidar da Ke Jikin Kwalba

Wanda ya je Dawanau sayen hatsi yana da hanyoyin kare kansa. Yakan sa a soka buhu daga sama, a soka daga gindi, ya murza ƙwayar a tafin hannu, ya shinshina, ya tauna. In an sirka sabuwar masara da tsohuwa, ko an jiƙa wake don ya yi nauyi, idonsa da hancinsa za su gaya masa kafin ya zaro kuɗi. Haka mai sayen rago ke buɗe bakinsa ya duba haƙora. Wannan shi ne cinikin ido da ido.

Da zarar kaya ya shiga kwalba aka liƙe bakinta, duk wannan gwaninta ta ƙare. Mai saye ba zai ɗanɗana ba, ba zai shinshina ba. Bai san manomin ba, bai taɓa taka garin da aka ce daga can kayan ya fito ba. Abin da ya rage masa shi ne 'yar takardar da aka manna a jikin kwalbar. Ita ce dillalinsa, ita ce shaidarsa, ita ce rantsuwar mai kaya. In ta yi masa ƙarya, an rufe masa ido ke nan da rana tsaka.

Mai karatu na iya tambaya me ya kai mu ga giyar inabi, abin da addinin mafi yawanmu ya haramta shansa da sayar da shi. Dalilin na tarihi ne. Da wuya a sami wata haja a duniya da farashinta ya rataya a kan takarda kamar wannan. Ruwa ne ja ko fari, kamanninsa kusan ɗaya, amma sunan gona da shekarar girbi da aka rubuta a jiki suna iya ninka kuɗinsa sau ɗari ko sau dubu. Inda riba ta taru haka, nan 'yan algus ke taruwa, kuma a nan ne hukumomi suka fara wasa wuƙarsu. Dokokin da a yau suke tsare sunan albasar Galmi, a gonakin inabin Faransa aka haife su. Wanda yake so ya san yadda ake tilasta wa takarda faɗin gaskiya, a can zai fara karatu.

Ƙwaron da ya buɗe ƙofa

Wajen shekarar 1863 manoman kudancin Faransa suka ga itatuwan inabinsu suna bushewa ba tare da dalili ba. Daga baya aka gano wani ɗan ƙwaro ne mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka a jikin dashe, yana tsotse saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Ya bi gona gona, lardi lardi. Tsakanin 1875 da 1889 abin da Faransa ke samarwa ya faɗi zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku.

Gonaki sun mutu, amma masu saye ba su ragu ba. Nan 'yan kasuwa suka ga hanya. Aka riƙa shigo da busasshen inabi daga Girka da Turkiyya ana jiƙawa da ruwa. Aka riƙa zuba sukari da ruwa a kan tukar da aka riga aka matse, a sake matsewa. Aka riƙa ƙara rini don ruwan ya yi ja. Duk wannan da sunan giyar inabi ake sayar da shi, a gefe ɗaya da ta gaskiya.

Matakin farko da majalisar Faransa ta ɗauka shi ne ba wa kalmar ma'ana. Dokar 14 ga Agusta 1889 ta ce ba a kiran wani abu giyar inabi sai wanda aka yi da ɗanyen inabi da ya tsumu. Mutum zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, alhali shi ne harsashin ginin duka. Alƙali ba zai iya cewa wane ya yi ƙarya ba sai doka ta riga ta faɗi mece ce gaskiyar. A ranar 1 ga Agusta 1905 kuma aka yi babbar dokar hana ha'inci a ciniki, wadda ta haɗa kowace irin haja: madara, man shanu, gari, mai. Ta haramta yaudarar mai saye a kan asalin kaya, ko irinsa, ko yawansa, ko abin da aka haɗa shi da shi.

Sai dai doka a takarda daban, doka a kasuwa daban. A lokacin an riga an samo maganin ƙwaron: aka riƙa yi wa inabin Faransa aure da saiwar na Amurka, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Gonaki suka farfaɗo, amfani ya yi yawa, ga wadda ake kawowa daga Aljeriya jirgi jirgi, ga kuma jabun da ba a daina yi ba. Farashi ya karye har manomi ba ya mayar da kuɗin noma.

A ranar 11 ga Maris 1907 wani manomi mai suna Marcelin Albert ya jagoranci mutum 87 daga ƙauyen Argeliers zuwa birnin Narbonne don kai kuka. Daga nan kowace Lahadi sai a taru a wani gari, taron kuma yana ninkuwa. Ranar 9 ga Yuni sama da mutum rabin miliyan suka cika birnin Montpellier. Magadan gari suka ajiye muƙamansu da ɗaruruwa, jama'a suka ƙi biyan haraji. Firaminista Georges Clemenceau ya tura sojoji, aka buɗe wuta a Narbonne, mutane suka mutu. Wasu sojoji kimanin 500, waɗanda 'ya'yan manoman yankin ne, suka yi bore suka koma gefen iyayensu a Béziers.

Masana tarihi sun nuna cewa yawan amfanin gona ya fi algus hannu a karyewar farashin. Duk da haka abin da ya fito daga wannan tarzoma ya daɗe fiye da ita. Dokar 29 ga Yuni 1907 ta wajabta wa kowane manomi ya je ofishin magajin gari bayan girbi ya rubuta faɗin gonarsa da yawan abin da ya samu. Aka sa ido a kan cinikin sukari. Aka ƙarfafa dokar cewa ganga ba ta tafiya a hanya sai da takardar rakiya. A wannan shekara aka kafa hukumar sufetocin yaƙi da ha'inci. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo gare shi: daga ranar nan, kowace lita tana da sawu a littafi.

Sunan gari dukiya ne

Bayan tambayar mene ne a ciki, sai ta biyu: daga ina ya fito?

Yankin Champagne, a arewa maso gabashin Faransa, shi ne ya ba da sunansa ga giyar nan mai kumfa da ake kira shampen. Da sunan ya yi tsada, wasu manyan 'yan kasuwar yankin suka riƙa sayo giya mai araha daga wasu lardunan, su zuba a kwalabensu, su manna sunan. Manomin da ya gaji gonar da ta yi sunan sai ya rasa mai sayen inabinsa. Girbin 1910 ya lalace, amma kwalabe ba su daina fita daga rumbunan 'yan kasuwa ba, kowa kuma ya san daga inda suke. A watan Afrilun 1911 manoma suka afka wa garin Aÿ, suka farfasa ganguna, suka ƙone gidajen waɗanda suke zargi. Sai da aka jibge dubban sojoji.

Shata iyaka ma rigima ce. Iyakar da aka ja a 1908 ta bar manoman lardin Aube a waje, su ma suka tashi, sai a 1927 doka ta shigar da su. Sannan aka gane iyaka kaɗai ba ta isa ba, domin mutum na iya zama a cikin yankin ya shuka irin banza, ya yi aikin ganganci, ya ci da sunan maƙwabtansa. A garin Châteauneuf-du-Pape, wani lauya manomi mai suna Pierre Le Roy ya haɗa kan 'yan uwansa a 1923 suka gindaya wa kansu ƙa'idoji a kan irin da za a shuka da ƙasar da za a shuka shi. Sanata Joseph Capus ya ɗauki wannan tunani zuwa majalisa. Dokar 30 ga Yuli 1935 ta kafa tsarin sunan asali mai kariya, wanda Faransawa ke taƙaitawa AOC, tare da hukumar da yau ake kira INAO. Daga 1936 suna irin Champagne ya zama alkawari mai sharuɗɗa: wannan ƙasa, wannan iri, amfanin da bai wuce kaza ba a kowace kadada, wannan hanyar sarrafawa.

Abin lura shi ne manoma ne suka nemi a ɗaure su da waɗannan ƙa'idoji. Sun gane cewa sunan gari kamar rijiyar unguwa yake: in mutum ɗaya ya jefa mushe, kowa ya rasa ruwa.

Tsare sunan a ƙasashen waje aikin kotu ne. Wani kamfani a Ingila yana sayar da giyar Sifaniya da sunan shampen ɗin Sifaniya. An fara gurfanar da shi a shari'ar laifi a 1958, aka wanke shi. Gidajen Champagne, cikinsu har da Bollinger, suka sake shigar da ƙara a babbar kotun Landan, suka yi nasara a 1960. Kotu ta yarda cewa suna na iya zama mallakar jama'ar wani yanki gaba ɗaya, kuma ƙara sunan wata ƙasa a gefensa ba ya kawar da yaudara. A 1993 wata kotun Paris ta hana kamfanin Yves Saint Laurent sayar da turare da sunan Champagne. A 2023 jami'an kwastam na Beljiyam suka tsare gwangwani 2,352 na giyar Miller High Life a tashar Antwerp saboda kirarin da ke jikinsu ya ari sunan, aka lalata su duka. Shekara fiye da ɗari ke nan ba su bar ko ɗan ƙaramin kutse ya wuce ba.

Ranar da ƙarya ta zama guba

Akwai masu cewa wannan duk rigimar masu kuɗi ce, ba wanda ƙaryar takarda ta taɓa kashewa. Shekarun 1985 da 1986 sun ba su amsa.

Ostiriya ta yi suna a kasuwar Jamus ta Yamma da giya mai zaƙi, wadda ake yi da inabin da aka bari ya nuna sosai a kan itace. Irin wannan tana da daraja ta musamman a doka, da kalmomin da ake rubutawa a jikin kwalba, da farashinta. A farkon shekarun 1980 girbi ya yi yawa amma inabin bai yi zaƙin da ake bukata ba. Ƙara sukari haramun ne a wannan daraja, kuma gwaji na kama shi. Sai wasu 'yan kasuwa suka samo wani sinadari mai suna dayetilin gilaikol, dangin ruwan da ake zuba wa injin mota don kada ya daskare. Yana sa giya ta yi kauri da zaƙi a baki, gwajin da ake yi a lokacin kuma ba ya nemansa. Da shi suka mayar da giyar talaka ta zama ta alfarma a takarda.

Wannan sinadari ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne aka samu a maganin haƙoran yara mai suna My Pikin a 2008, wanda ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya ta hanyar lalata musu ƙoda.

A watan Yulin 1985 ma'aikatar lafiya ta Jamus ta Yamma ta gargaɗi jama'a. Bincike ya tono wani ha'incin a ƙarƙashin na farko: an sami sinadarin a cikin kwalaben da takardarsu ta ce giyar Jamus ce zalla, abin da ya nuna wasu masu cika kwalba a Jamus suna sirka ta Ostiriya a ɓoye. Aka kwashe miliyoyin kwalabe daga kantuna, aka ɗaure mutane. Abin da Ostiriya ke fitarwa waje ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, kuma bai koma yadda yake ba sai wajen 2001. Masu laifin 'yan tsiraru ne, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Manomin da bai taɓa jin sunan sinadarin ba, shi ma ya biya.

Kafin watan Agusta ya ƙare majalisar Ostiriya ta zartar da sabuwar doka, ɗaya daga cikin mafi tsauri a Turai. A yau giyar da ke neman darajar inganci a ƙasar sai ta bi ta ɗakin gwaji da kwamitin ɗanɗano, a ba ta lambar gwamnati da za a buga a takardarta, a sa mata alamar ja da fari da ja a kan marfi, wadda ke ɗauke da lambar mai sarrafawa.

Bayan 'yan watanni, a Maris 1986, asibitocin Milan suka fara karɓar mutane masu ciwon ciki da dushewar gani. Duka sun sha giya mai araha da aka saya a kanti, wasu kwalaben ɗauke da sunan Barbera, wani sanannen irin inabi na yankin Piemonte. Aka bi sawu har garin Narzole, wurin wani ɗan kasuwa mai suna Giovanni Ciravegna, wanda ke ƙara wa giya marar ƙarfi sinadarin metanol saboda arharsa. Aƙalla mutum 19 suka mutu, wasu suka makance har abada. An yanke masa ɗaurin shekara 14, iyalan waɗanda abin ya shafa kuwa sun shafe shekaru suna bin diyya. A wannan shekarar Italiya ta kafa hukumar sufetoci ta musamman a ƙarƙashin ma'aikatar noma, a 1992 kuma ta sake tsarin sunayen asali.

Waɗanda suka mutu a Italiya ba attajirai ba ne. Masu neman araha ne, waɗanda suka gaskata takarda.

Littafi ke kama maƙaryaci

Mutane kan ɗauka ƙwararren mai ɗanɗano ne ke gano jabu. Tarihin shari'o'in nan ya nuna harshe yana ruɗuwa, har na gwanaye. Abin da ba ya ruɗuwa shi ne lissafi.

A 2008 sufetocin hana ha'inci na Faransa suka je duba littattafan wani kamfanin dillanci mai suna Ducasse a birnin Carcassonne. Kamfanin yana sayar da giyar irin inabin da ake kira pinot noir, wanda kasuwarsa ta buɗe a Amurka a lokacin. Abu biyu suka tsayar da su. Na farko, kamfanin yana sayen kayan a kan yuro 58 kowace lita 100, alhali farashin wannan iri ya kai yuro 97. Na biyu, yawan da ake sayarwa ya zarce abin da gonakin yankin za su iya fitarwa, kuma an san haka ne saboda rajistar girbin nan da aka faro tun 1907. Tsakanin 2006 da 2008 an tura wa kamfanin E. & J. Gallo na Amurka abin da ya kai kwalba miliyan 18, aka sayar da sunan Red Bicyclette. Yawanci wasu irin inabi ne masu araha, merlot da syrah. A Fabrairun 2010 kotun Carcassonne ta sami mutane da kamfanoni 12 da laifi.

A wannan shekarar ta 2008, a watan Afrilu, wani Bafaranshe mai gonar inabi, Laurent Ponsot, ya hau jirgi zuwa New York. Ya sami labarin cewa gidan gwanjo na Acker Merrall & Condit zai sayar da kwalaben gidansu na gonar Clos Saint-Denis, masu ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971. Ya san gidansu bai fara yin giyar wannan gona ba sai 1982. Ya zauna a zauren gwanjon har aka janye kayan. Wanda ya kawo su wani matashi ne ɗan Indonesiya mai suna Rudy Kurniawan, wanda a gwanjo ɗaya a 2006 ya sayar da kwalabe na dala miliyan 24.7, kuma manyan masu tara tsohuwar giya suna yabon ƙwarewar harshensa.

Ranar 8 ga Maris 2012 jami'an FBI suka shiga gidansa a Arcadia, jihar Kalifoniya. Suka tarar da dubban takardun kwalba da aka buga, da hatimai, da matosai, da tsofaffin kwalabe a jiƙe ana ɓare musu takarda. Yana haɗa giya mai sauƙin kuɗi har ta yi kama da tsohuwa, ya zuba, ya manna shekarar da ya ga dama. Kotu a New York ta same shi da laifi a Disamban 2013. A Agustan 2014 aka yanke masa shekara 10, aka umarce shi ya biya diyyar dala miliyan 28.4. Bayan ya gama zaman kaso aka mayar da shi ƙasarsu a 2021. Gwanaye sun sha sun yaba, amma mutumin da ya san littafin gidansu shi ya tsayar da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai dai in aka jera hukuncin nan biyu, akwai abin da ke damun zuciya. Kurniawan ya cuci attajirai ƙalilan masu lauyoyi da masu bincike, ya sha shekaru a kurkuku. Mutanen Carcassonne sun yaudari miliyoyin masu saye a kanti, an ƙiyasta ribarsu ta kai yuro miliyan 7, amma hukuncinsu ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne na wata ɗaya zuwa shida, tara mafi girma kuma yuro 180,000. Tarar da ba ta kai ribar laifi ba, kuɗin shiga kasuwa ce kawai ga mai niyyar sake yi. Cutar da aka rarraba a kan talakawa da yawa, kowa da ɗan kaɗan, ita ma cuta ce, kuma ta cancanci hukunci daidai girmanta.

Abin da takarda ke iya ɓoyewa

Ko inda doka ke aiki, ya kamata mai saye ya san iyakarta. A Tarayyar Turai ana iya rubuta sunan irin inabi guda in ya kai kashi 85 cikin ɗari na abin da ke ciki. A Amurka kashi 75 ya isa. Yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka ƙulla a 2006 ta hana sabbin kamfanonin Amurka amfani da sunan shampen, amma ta ƙyale waɗanda suka riga suka sami izini su ci gaba, muddin sun rubuta inda aka yi ta a gefe. Shekara da shekaru kuma giya tana cikin 'yan kayan da ba a tilasta wa jera abubuwan da aka haɗa su da su ba. Sai daga 8 ga Disamba 2023 Tarayyar Turai ta wajabta hakan, shi ma ta yarda a sa cikakken bayanin a wata alama da ake ɗauka da waya.

Akwai gaɓar da ta shafe mu kai tsaye. A bukukuwan aure da walima a garuruwanmu ana ajiye dogayen kwalabe masu kyalli da aka ce ruwan inabi ne marar barasa. Iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla wanda bai taɓa tsumuwa ba. Akwai kuma wanda aka yi shi giya tukuna sannan aka cire barasar da inji, kuma a dokar Turai ana kiransa wanda aka cire wa barasa ko da ya rage da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Hukuncin shan irin wannan na malamai ne, amma malami ma ba zai yi fatawa ba sai an gaya masa gaskiyar abin da ke ciki. Ga Musulmi, ƙaryar takarda a nan ta wuce aljihu, ta taɓa addini.

A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa irin waɗannan kaya rajista da ba su lamba. A Disamban 2023 jami'anta suka kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, suka tarar da shaguna sama da 200 an mayar da su masana'antun jabu, ana cika tsofaffin kwalabe da giya da lemo ana manna musu sunayen sanannun kamfanoni. Aikin da Kurniawan ya yi a ɗakin girkinsa, shi ake yi a nan, sai dai mai sayen na nan ba shi da lauya. Samame yana da amfani, amma rana ɗaya ce. Abin da ya gyara kasuwar Faransa da ta Ostiriya shi ne bincike na kullum, wanda ke bin kaya daga gona har kanti.

Daga Champagne zuwa Galmi

Tsarin da aka gina don inabi bai tsaya a kan inabi ba. A 1990 Faransa ta faɗaɗa aikin INAO zuwa sauran amfanin gona, a 1992 kuma Turai ta yi doka guda mai kare sunan cuku, da man zaitun, da nama, da zuma. Daga can ya iso Afirka ta hannun ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. A 2013 barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru suka sami rajista. A 'yan shekarun nan Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi, ta jihar Tawa, irin wannan rajista. Manomin Galmi yanzu yana da abin da manomin Aÿ ya yi tarzoma a kansa a 1911: ikon cewa wannan suna namu ne, ba kowane buhu ke ɗaukarsa ba.

Rajista mafari ce kawai. Tafiyar da muka bi daga 1889 ta nuna abubuwa huɗu da sai sun haɗu takarda ke faɗin gaskiya. Doka ta fayyace ma'anar kowace kalma da za a rubuta. A sami littafin da ke nuna abin da aka noma da abin da aka sayar, don a gane ranar da na biyun ya fi na farko. A sami sufeto mai albashin da zai hana shi karɓar na goro, da kotun da hukuncinta ya fi ribar laifi ciwo. Na huɗu, wanda shi ne uwa uba, masu sana'ar na gaskiya su tashi da kansu, kamar yadda Marcelin Albert da Pierre Le Roy da Laurent Ponsot suka tashi, domin su ne suka fi kowa asara, su ne kuma suka fi kowa sanin wanda ke ɓata musu suna.

Muna da zuma da ake sirkawa da sukari, da man gyaɗa da ake haɗawa da wani mai, da shinkafar da ake sauya wa buhu. Masu kiwon zuma, da mata masu matsar mai, da masu casar shinkafa, da masu kilishi, kada su jira sai an yi gawa kafin su haɗa kai su rubuta ƙa'idar sana'arsu, su buɗe littafi, su kai mai ha'inci gaban hukuma ko da ɗan garinsu ne. Kai kuma mai saye, juya kwalbar ka karanta kafin ka biya, ka duba lamba da sunan mai kaya da inda yake. In ka ga ƙarya, ka kai ƙara. Rubutun da ke jikin kaya shaida ne, kuma wanda ya ba da shaidar zur a takarda, laifinsa ɗaya ne da wanda ya ba da ita da baki.